Muhawara Kan Ɗumamar Duniya: Halin Yanayi Ne Ko Hannun Ɗan Adam?

Gabatarwa

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Duk inda aka ga abu ya sake hali, to akwai sanadi, ko an gano shi ko ba a gano ba. A yau babu sauran mai musun cewa duniya ta ƙara zafi a kan yadda take a zamanin kakanni, domin ma'aunai na tudu da na teku duk sun yi ittifaƙi a kan haka. Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne wajen sanadin. Wasu sun ce wannan hali ne na yanayi, wanda tun fil azal yake juyawa tsakanin zafi da sanyi. Wasu kuwa sun ce aikin ɗan Adam ne, watau hayaƙin da yake turawa sama tun daga lokacin da ya fara ƙona kwal da man fetur don tafiyar da injuna.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana tushen muhawarar, a kawo hujjojin masu musu tare da amsoshin da aka ba su, sa'an nan a dubi illolin da ke tafe. Za a kuma tsaya a kan farin da ya auka wa yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980, domin a cikinsa akwai darasin da ya nuna cewa bai isa a ce mutum ne sanadi ba, sai an faɗi ko wane mutum ne.

Abin da Ake Nufi da Ɗumamar Duniya

Ya kamata tun farko a rarrabe tsakanin yanayin yini guda da yanayin dogon lokaci. Tsananin sanyin wani hunturu, ko zafin wata bazara, ba ya zama hujja a wannan fage. Abin da masana ke dubawa shi ne matsakaicin zafin duniya baki ɗaya a tsawon shekaru masu yawa, galibi 30. Da aka yi wannan lissafi, sai aka tarar cewa shekarun 2011 zuwa 2020 sun fi shekarun 1850 zuwa 1900 zafi da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas. Shekarar 2024 kuwa ta zarce duk waɗanda suka gabace ta tun da aka fara ajiye lissafi, don ƙarin da aka samu a cikinta ya kai wajen digiri 1.5.

Mai karatu zai iya ganin digiri ɗaya da rabi ba wani abu ba ne, tun da a Sakkwato ko Agadas zafin rana da sanyin asuba kan bambanta da fiye da digiri goma a yini guda. To amma matsakaicin zafin duniya ya fi kama da zafin jikin mutum, wanda yake tsaye a kan digiri 37, da zarar ya kai 39 kuwa sai a ce zazzaɓi ya kama. Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da Kanada, sanyin duniya bai wuce na yau da fiye da digiri 5 zuwa 7 ba.

Yadda Iska ke Riƙe Zafi

Hasken rana yana ratsa iska ya sauka ƙasa ya ɗumama ta, ita kuma ƙasa sai ta mai da zafin sama. Da a ce duk zafin nan ficewa yake yi, da duniya ta daskare. Abin da ya hana haka shi ne wasu nau'o'in iska da ke tare wani kaso na zafin, su mai do shi ƙasa, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Manyansu su ne tururin ruwa, da iskar kabon, da iskar metan. Kowa ya san daren da sama ta yi tangaran ya fi daren da hadari ya rufe ta sanyi, to wannan ma aikin mayafin nan ne.

Wannan ilmi ba na jiya ba ne. Tun a 1824 wani Bafaranshe, Joseph Fourier, ya yi bayanin cewa iska ce ke sa duniya ta fi ɗumi a kan yadda lissafi ya nuna. A 1859 John Tyndall ya gwada a ɗakin bincike a Landan, ya tabbatar da cewa iskar kabon da tururin ruwa suna tare zafi. A 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya lissafa cewa idan iskar kabon ta ninka, zafin duniya zai ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Sai a 1958 Charles Keeling ya fara auna yawan iskar a kai a kai a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawai, ya same ta wajen kashi 315 cikin miliyan. Kafin zamanin masana'antu kashi 280 ce. A 2024 ta haura 420. Bugu da ƙari, kumfar iskar da ta maƙale cikin ƙanƙarar Antatika ta nuna cewa a cikin shekaru 800,000 da suka shige, adadin bai taɓa wuce kimanin 300 ba sai a wannan zamani.

Hujjojin Masu Musu da Amsoshinsu

Hujja ta farko, wadda kuma ta fi sauran ƙarfi, ita ce yanayi ya sha canzawa tun kafin a ƙera injin farko. Wannan gaskiya ne, shaidarsa ma tana nan kusa. Tsakanin shekaru 11,000 da 5,000 da suka wuce, Sahara ƙasa ce mai ciyawa da tafkuna. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa a jikin dutse, a wurin da yau sai rairayi. Tafkin Cadi na wancan zamani ya fi murabba'in kilomita 300,000. A Dufuna ta Jihar Yobe, wani makiyayi mai haƙar rijiya ya ci karo da kwalekwale a 1987, wanda aka auna aka ga ya kai shekaru 8,000. Amsar da masana suka bayar ita ce an san sanadin waɗannan canje-canje, watau ɗan sauyin da ke samuwa a karkatar duniya da hanyar da take bi wajen kewaya rana, kuma wannan sauyi yana ɗaukar dubban shekaru. Ɗumamar yanzu kuwa a cikin ƙarni ɗaya da rabi ta auku, mafi yawanta ma daga 1970 zuwa yau. Don tsawa ta taɓa tayar da gobara a daji, ba za a ce duk gobarar da ta tashi tsawa ce ba, sai an bincika ko wani ya yar da garwashi.

Hujja ta biyu ita ce wataƙila rana ce ta ƙara ƙarfi. Tun 1978 taurarin ɗan Adam suke auna ƙarfin hasken rana, ba su kuwa ga wani ƙari ba, alhali zafin duniya yana ta hawa. Akwai kuma wata alama da ta fi wannan. Da rana ce sanadi, da iska ta ɗumama tun daga ƙasa har can ƙololuwa. Abin da aka tarar shi ne iskar da ke kusa da ƙasa tana ɗumi, ta can sama kuwa tana ƙara sanyi, kamar yadda wanda ya ƙara bargo yake jin ɗumi a ciki, bayan bargon kuma ya yi sanyi. Syukuro Manabe da abokin aikinsa sun hango haka ta hanyar lissafi tun 1967, wannan aiki yana cikin abin da ya sa aka ba Manabe kyautar Nobel a 2021.

Hujja ta uku ita ce duwatsu masu aman wuta su ma suna fitar da iskar kabon. Haka ne, sai dai abin da suke fitarwa a shekara kimanin kashi 1 ne cikin 100 na abin da mutane ke fitarwa, wanda a 2023 ya kai wajen tan biliyan 37 daga kwal da mai da gas da siminti. Babban aman wuta ma sanyaya duniya yake yi na ɗan lokaci, kamar yadda dutsen Pinatubo na Filifin ya rage zafinta da kusan rabin digiri bayan ya fashe a 1991. Daɗin daɗawa, kabon iri-iri ne, akwai mai nauyi akwai marar nauyi, tsirrai kuwa sun fi ɗaukar marar nauyin. Da yake kwal da man fetur ragowar tsirrai da halittun dā ne, idan daga gare su ƙarin ya fito, dole kabon ɗin da ke cikin iska ya riƙa raguwa a nauyi. Awo ya nuna haka ɗin ke faruwa.

Hujja ta huɗu ita ce yawancin ma'aunai a birane suke, inda kwalta da siminti ke tara zafi, saboda haka ɗumamar ta birane ce kawai. Wani malamin kimiyya na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, Richard Muller, yana cikin masu irin wannan shakka. Ya tara abokan aiki suka sake bin lissafin tun daga tushe, suka ware ma'aunan karkara daban. A 2012 ya fito fili ya ce ya sauka daga ra'ayinsa na dā, ɗumamar gaskiya ce, kuma kusan dukkanta aikin mutane ne. Ban da haka, babu birni a tsakiyar teku, amma teku ita ma ta ɗumama.

Hujja ta biyar ita ce daga wajen 1940 zuwa 1970 zafin duniya bai ƙaru ba, har ma ya ɗan ragu, ga shi kuwa a lokacin masana'antu suna ta bunƙasa. Bayanin wannan shi ne kwal yana fitar da abu biyu. Akwai iskar kabon mai riƙe zafi, wadda ke daɗewa a sama ɗaruruwan shekaru, akwai kuma hayaƙin farar wuta mai kare hasken rana, wanda ruwan sama ke wankewa cikin 'yan kwanaki. A waɗancan shekaru hayaƙin farar wuta ya yi yawa a Turai da Amurka har ya danne ɗumamar. Da aka kafa dokokin tsabtace iska aka rage shi, sai zafin da ya ɓoye ya bayyana. A riƙe wannan batu, domin za a sake komawa kansa.

Matsayin da Aka Cim Ma

A 1988 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamitin masana na ƙasa da ƙasa kan sauyin yanayi, wanda aikinsa shi ne ya tattara binciken da aka yi ya auna shi. Lafazin kwamitin ya riƙa ƙarfi gwargwadon taruwar shaida. A 1995 cewa ya yi hujjoji sun rinjaya wajen nuna alamar hannun mutum. A 2021 kuwa ya ce babu sauran shakka a kan cewa ayyukan mutane sun ɗumama iska da teku da ƙasa.

Wannan ba ya nufin an rufe ƙofar bincike. Har yanzu ana muhawara a kan yawan zafin da za a samu idan iskar kabon ta ninka, inda kwamitin ya ƙiyasta digiri 2.5 zuwa 4. Ana kuma muhawara a kan yadda ruwan sama zai kasance a kowane yanki, da kuma wanda ya kamata ya ɗauki nauyin gyara. Waɗannan su ne tambayoyin da suka rage, su ne kuma suka fi shafar talaka.

Darasin Farin Sahel

Ƙasar Hausa ta san fari tun kafin hayaƙin masana'antu ya yi yawa, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 shaida ce. To amma abin da ya faru daga ƙarshen shekarun 1960 ya sha bamban wajen tsawo. Bayan damina mai albarka a shekarun 1950, ruwan sama ya ragu da kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a faɗin Sahel, abin ya fi muni a 1972 da 1973, sa'an nan a 1984. Dabbobi sun mutu ba adadi, mutane sun bar garuruwansu. Tafkin Cadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya koma ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Farin yana cikin dalilan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano, yana kuma cikin abin da ya share fagen juyin mulkin da Seyni Kountché ya yi wa Diori Hamani a Nijar a 1974.

Da aka tashi neman sanadi, sai yatsa ya nuna manomi da makiyayi. A 1975 wani mashahurin masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin cewa yawan kiwo da saran itace sun tsiraita ƙasa, farin rairayi kuma yana mai da hasken rana sama, wannan ya hana hadari haɗuwa. Ra'ayin ya sami karɓuwa ƙwarai, ya kuma yi daidai da abin da wasu jami'an gandun daji na zamanin mulkin mallaka suka daɗe suna faɗa, cewa mutanen ƙasa ne ke jawo hamada da hannunsu.

Bincike na baya ya sauya wannan fahimta. A 1986 masana na hukumar yanayi ta Ingila suka nuna cewa ruwan Sahel yana bin zafin tekuna ne. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa da lissafin zafin tekuna kaɗai ana iya fitar da mafi yawan tarihin damina da fari na yankin. Bayanin shi ne damina tana zuwa ne da iskar da ke tasowa daga Tekun Atlantika, kuma jerin hadarin yana karkata zuwa ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. A waɗancan shekaru arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka gwada shi da tekunan kudu, saboda haka hadari ya kasa hawowa arewa kamar yadda ya saba. Wani kaso na wannan sanyi juyin teku ne na ɗabi'a, wani kaso kuwa daga hayaƙin farar wutar nan ne na masana'antun Turai da Amurka ta Arewa. Kwamitin masana ya amince da haka a rahotonsa na 2021. Ashe an bar jaki ne ana dukan taiki.

Ba a ce saran itace da yawan kiwo ba su da illa ba, domin suna kashe ƙarfin ƙasa, suna kuma ƙara wa fari zafi. Amma manoman da aka zarga su ne suka nuna abin da za a iya yi. Daga tsakiyar shekarun 1980, manoma a jihohin Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin kututturan gawo da sauran itatuwa su tofo a gonakinsu, suna yi musu sassabe suna renonsu. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun tashi a fili mai faɗin hekta miliyan 5.

Illolin da Ake Gani da Waɗanda ke Tafe

Illa ta farko ita ce zafin kansa. A farkon Afrilun 2024, cikin azumin Ramadan, ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, masu bincike kuma suka ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da mutane suka jawo ba. Tsofaffi da jarirai da masu aiki a rana su ne suka fi shan wuya.

Ta biyu ita ce sauyin halin ruwan sama. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar tururi, kowane digiri guda yana ƙara mata wajen kashi 7 cikin 100, saboda haka idan ta tashi zubarwa sai ta zubar da yawa a lokaci guda. Wani bincike na 2017 ya gano cewa manyan hadura masu tsanani sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Damina ta farfaɗo daga shekarun 1990, amma da sabon hali, watau ruwa kamar da bakin ƙwarya, sa'an nan a ɗauke na kwanaki shuka tana ƙishi. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, a watan ne kuma ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram.

Ta uku ita ce abinci. Gero da dawa suna da juriya, amma juriyarsu tana da iyaka. Wani bincike na 2019 ya ƙiyasta cewa ɗumamar da aka riga aka samu ta rage amfanin gero a Afirka ta Yamma da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, na dawa kuma da kashi 5 zuwa 15, a shekarun 2000 zuwa 2009. Ta huɗu ita ce hawan teku, wanda ya kai santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, saboda narkewar ƙanƙara da kumburin ruwa idan ya ɗumama. Wannan barazana ce ga Legas da yankin Neja Delta da sauran garuruwan gaɓa.

A nan ma akwai buƙatar yin adalci. Ba kowace masifa ce za a jingina wa ɗumamar duniya ita kaɗai ba. Ruwa mai yawa ba ya zama bala'i sai ya tarar da madatsar da ba a gyara ba, ko magudanar da shara ta toshe, ko gidajen da aka gina a kan hanyarsa. Duk shugaban da ya fake da sauyin yanayi don ya ɓoye sakacinsa, ya yi irin kuskuren waɗanda suka ɗora wa makiyayi laifin fari.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tambayar farko ta sami amsa. An bi sawun rana da duwatsu masu aman wuta da juyin ɗabi'a, babu wanda sawunsa ya kai inda ɗumamar take, sai na hayaƙin ɗan Adam. Amma kalmar ɗan Adam tana ɓoye babban bambanci. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Ba'amurke guda yana fitar da wajen tan 14 a shekara, ɗan Nijeriya bai kai tan ɗaya ba, ɗan Nijar kuwa bai kai ko rubu'in tan ba. Kura ke nan da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne ya sa ƙasashe matalauta suka dage a kan haƙƙinsu, tun daga yarjejeniyar Paris ta 2015, wadda ta ƙudurta tsayar da ƙarin zafi ƙasa da digiri 2, har zuwa taron Masar na 2022, inda aka amince a kafa asusun tallafa wa ƙasashen da suka yi asara.

Neman wannan haƙƙi wajibi ne, amma ba ya ɗauke aikin gida. Gyaran madatsun ruwa, da yashe magudanai, da samar da iri mai saurin nuna, da isar da hasashen damina ga manomi cikin harshen da yake ji, da daina ƙona gas a banza a rijiyoyin mai, da renon itatuwa kamar yadda manoman Maraɗi suka yi, duk ba su jiran wani taro a ƙasar waje. Iskar kabon ɗin da aka riga aka tura sama za ta daɗe a can, saboda haka zafin da aka samu ba mai komawa ba ne nan kusa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.